Me ya sa kalangu da algaita suke lalacewa in an saka su a fiyano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo, ina kiɗa da fiyano Yamaha PSR-SX700. Na ɗauki bugun kalangu da busar algaita da wayata na saka a fiyanon, amma abin bai yi daɗi ba. In na hau maɓallan sama sai kalangun ya koma kamar ana buga gwangwani, algaitar kuma in na riƙe maɓalli sai ta riƙa yin ƙas-ƙas. Wani ya ce memorin fiyanon ne ya yi kaɗan, in sayi babba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, riƙe kuɗinka, fiyanonka ba shi da laifi. SX700 yana da wurin ajiyar ƙarin sauti na kimanin megabayit 400. Sakan ɗaya na sauti mai layi ɗaya, wato mono, in an ɗauke shi a kan 44.1 kHz da bit 16, bayit 88,200 yake ci. Bugun kalangu ɗaya da wuya ya cika sakan guda, don haka ko bugu 100 ka zuba ba ka kai megabayit 10 ba. Injin ɗaukar sauti da buga shi, Akai S900, da ya fito a 1986, wanda manyan situdiyoyin Turai da Amurka suka yi aiki da shi shekara da shekaru, duk memorinsa bai kai megabayit ɗaya ba. Matsalarka ta samo asali ne tun wajen ɗauka, kuma babbar cikinta ita ce samfur ɗaya, wato guntun sauti guda, ka ɗauka ka shimfiɗa shi a kan maɓallai da yawa.

Ga abin da yake faruwa a ciki. Idan ka ɗauki sauti, na'ura tana auna shi sau 44,100 a kowane sakan, ta ajiye ma'aunan a matsayin lambobi. Idan ka ɗora samfurin a kan wani maɓalli ka ce nan ne gidansa, to a wannan maɓallin kaɗai zai fito yadda aka ɗauke shi. Ka matsa gaba da maɓalli ɗaya, fiyanon zai karanta lambobin da ƙarin sauri na kusan kashi 6 cikin 100. Ka matsa maɓalli 12, saurin ya ninka biyu: muryar ta hau, tsawon sautin ya ragu da rabi. Kuma ba muryar kaɗai take hawa ba. Saukar gula a kan fata, amon icen, jan da sautin yake yi kafin ya mutu, duk tare suke tsukewa. Kunne sai ya ji kamar an rage girman kalangun ne da kansa.

Shi kuwa makaɗi ba haka yake hawa da murya ba. Tsirkiya yake matsewa a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau, amma icen yana nan yadda yake, gular ma ita ce dai. Wannan bambancin shi ne duk abin da kake ji yana damunka. Babu maɓallin gyara da zai magance shi, sai dai ka koma wurin makaɗin.

To in ka koma, kada ka ɗauki kalangu a matsayin abin da za a jera masa do-re-mi. Ɗauke shi a matsayin tarin bugu daban-daban, kowanne da nasa maɓallin, yadda fiyano yake jera gangunan Turawa. Zauna da makaɗin ka roƙe shi ya rarrabe maka abin da hannunsa ya saba yi a haɗe. Ya sake tsirkiya gaba ɗaya ya buga, wannan ita ce muryar ƙasa. Ya matse rabi ya buga. Ya matse sosai ya buga. Sannan waɗanda suka fi kowanne muhimmanci, waɗanda mafi yawan masu situdiyo suke mantawa da su: ya buga a sake sannan ya matse sautin na cikin tafiya, murya ta ja sama, ya buga a matse ya saki, ta gangaro. Da waɗannan ne kalangu yake magana, domin Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma da hawa da saukar nan makaɗi yake kwaikwayon kirari har mai shi ya gane da shi ake. Ƙara da bugun da ake danne fata da yatsun ɗaya hannun, da ɗan taɓin yatsu da yake cike tsakanin manyan bugu. Kowane iri a yi shi a hankali, a yi shi da ƙarfi, domin bugu mai ƙarfi ba ƙarar kaɗai yake ƙarawa ba, launin sautin ma canzawa yake. Kuma kowanne a maimaita shi sau uku ko huɗu.

Dalilin maimaitawar shi ne babu makaɗin da yake yin bugu biyu iri ɗaya sak. In ka danna samfur guda sau takwas a jere, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji inji ne. Amma in ka jera bugu uku masu kama da juna a maɓallai maƙwabta kana sauya yatsa, nan take kiɗan zai yi rai.

Wani zai ce maka ai ga sandar lanƙwasa murya, wato joystick, a gefen hagu na fiyano, a yi jan da ita. Tana taimakawa wajen ɗan kwaskwarima, amma a saitinta na asali maɓalli biyu take hawa ko sauka, kuma ita ma saurin karatun samfurin take canzawa, wato mun koma gidan jiya. Jan da hammatar makaɗi ta yi ya fi wanda babban yatsanka zai yi, don haka ɗauko nasa.

Duk wannan a gama shi a zama ɗaya. Fata tana bin yanayi: da hunturu ta bushe ta ɗaure, da damina ta sha danshi ta saki. Abin da ka ɗauka yau da wanda za ka ɗauka bayan sati biyu ba lallai su zauna a murya ɗaya ba. Kuma a bar tazarar sakan biyu tsakanin bugu da bugu, kowanne ya mutu da kansa kafin na gaba ya shigo. Wannan yana yi wa makaɗa wuya, don hannunsu ya saba da gudu, sai ka yi haƙuri da su kana ɗaga hannu kana ba da alama.

Batun waya kuma. Manhajar ɗaukar murya ta yawancin wayoyi an yi ta ne don magana: tana ɗaga ƙara tana saukewa da kanta, tana kuma ƙoƙarin share abin da ta ɗauka hayaniya ce. Bugun ganga yana shigowa sai ta danne shi, wutsiyar sautin kuma ta ɗaga ta ko ta yanke ta. In kuma ta WhatsApp aka turo a matsayin saƙon murya, an sake matse sautin an zubar da wani abu daga cikinsa wanda ba ya dawowa. In dole sai da waya, nemi manhajar da take ɗauka a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, wadda za ka iya kashe mata daidaita ƙara, ka kuma tura fayil ɗin a matsayin takarda. Amma tunda kana da situdiyo, yi amfani da makirufo. Irin Shure SM57 yana jure bugu mai ƙarfi, ba ya kuma kwaso hayaniyar ɗaki sosai. Sa shi kamar taƙi ɗaya daga fatar, a ɗan karkace, kada ya tsaya a hanyar gula. Ka ce wa makaɗin ya yi bugunsa mafi ƙarfi, ka saita ƙarar shiga yadda wannan bugun zai tsaya wajen -6 dB a ma'aunin ƙara, sauran su yi ta yawo a ƙasa da haka. In sauti ya haura 0 dB, ƙololuwar ma'aunin, samansa yakan yanke, kuma wannan tsagewar ba ta ɗinkuwa. Da ka saita, kada ka sake taɓawa har a tashi. Ɗauki mono, ganga ɗaya ba ta bukatar layi biyu. Shi kansa SX700 yana da wurin sa makirufo kuma yana ɗaukar sauti a WAV, za ka iya ɗauka da shi in babu katin sauti, sai dai ka tabbata ka kashe amsa-kuwwa da duk wani ado da yake sa wa makirufo.

Amsa-kuwwar ɗaki ita ma abokiyar gaba ce a nan, domin duk abin da ya shiga samfur ya zauna ke nan, kuma zai riƙa tsukewa yana miƙewa tare da shi. Ɗaki mai tayil da bango fayau shi ne mafi muni. Jingina katifa a bango, rataya barguna, shimfiɗa darduma mai kauri. Kashe fanka da firji. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana tafiya a kan 50 Hz, shi ya sa gurnanin da kake ji in wayar haɗa na'urori ta lalace ko janareta na aiki yake zaune a 50, da 100, da 150. In da hali, cire cajar kwamfutar ka ɗauka a kan batir, janareta a kashe. A bugu ɗaya ba za ka ji gurnanin ba, amma in ka danna maɓalli biyar a tare ka tara shi sau biyar.

Yanzu gyara. SX700 ba ya yanka samfur ya mayar da shi murya a cikinsa. A kwamfuta ake wannan. Audacity kyauta ce kuma ta isa. Buɗe abin da ka ɗauka, ka zaɓi bugu ɗaya, ka yi ta zuƙo hoton har ka daina ganin dunƙule, ka fara ganin zare ɗaya yana hawa yana sauka a kan layin tsakiya. Za ka ga zaren yana kwance shiru, sai kwatsam ya yi tsalle: nan gula ta sauka. Yanka dab da wannan tsallen, ka bar abin da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na sakan ba a gabansa. In ka bar shiru mai yawa, kowane bugu zai riƙa makara bayan yatsanka, kiɗan ya yi nauyi ba ka san dalili ba. In kuma ka ci cikin tsallen, ka cire wa bugun haƙoransa. Yankan ya faɗa daidai inda zaren ya ratsa layin tsakiya. A Audacity in ka zaɓi wuri ka danna harafin Z, ita da kanta za ta matsar da gefunan zaɓin zuwa irin wannan mahaɗar. A ƙarshen bugun kuma kada ka datse, bi wutsiyar har ta nutse, sannan ka sa mata gajeren dusashewa.

Abu biyu nake hana yara a situdiyo. Na farko, ɗaga ƙarar kowane samfur shi kaɗai har ya cika ma'auni. In ka yi haka, taɓin yatsa da bugu mai ƙarfi sun zama tsawo ɗaya, ka rushe abin da makaɗin ya gina. Ɗaga su gaba ɗaya da ma'auni guda tun kafin ka rarraba. Na biyu, zafafa share hayaniya. Kaɗan yana da amfani, amma in ya yi yawa wutsiyar sautin takan koma tana wani ƙyalƙyali mara daɗi. Gara ɗan huci siriri da wannan. Sai ka adana kowane bugu a WAV, 44.1 kHz, bit 16, da suna mai ma'ana, irin kalangu_sake_karfi_2. Bayan wata shida za ka gode wa Allah da ka yi hakan.

Algaita kuwa hukuncinta daban, domin sautinta ba ya mutuwa da kansa. Mai busa yana cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa, sautin bai yanke ba. Don fiyano ya kwaikwayi wannan, sai an zaɓi wani yanki a tsakiyar samfurin an ce ya yi ta maimaita shi muddin yatsa na kan maɓalli. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji a mahaɗar wannan maimaicin yake: ƙarshen yankin ya tsaya zaren yana sama, farkonsa ya fara zaren yana ƙasa, lasifika ta yi tsalle tsakaninsu, kowane zagaye ƙas ɗaya.

Maganinsa, farko da ƙarshen yankin su faɗa a kan layin tsakiya, kuma zaren yana fuskantar gefe ɗaya a duka biyun. In yana hawa a farko, ya zama yana hawa a ƙarshe. Yankin ya ƙunshi cikakkun zagayen igiyar sautin, ba da rabi ba. Misali, muryar da take kan 440 Hz kowane zagayenta ma'auni 100 ne da ɗan ɗigo, kuma da ido za ka ga siffar tana maimaita kanta. Kada ka fara yankin a farkon busa, inda bakin algaitar yake kamawa da ɗan kaushi. Wannan kaushin shi ne shaidar algaita, a bar shi ya wuce sau ɗaya, maimaicin ya fara bayan sautin ya daidaita. Kada kuma yankin ya yi gajere ƙwarai. Na ɗan ƙiftawar ido ya fi sauƙin haɗawa ba tare da ƙas ba, amma sautin yakan daskare ya koma na inji. Sakan ɗaya zuwa biyu ya fi, tunda wuri kana da shi. Sai dai dogon yanki yana da tasa matsalar: in ƙarfin busar ya ragu daga farkonsa zuwa ƙarshensa, za ka ji sautin yana numfashi, wuu-wuu, a kowane zagaye. Shi ya sa tun wajen ɗauka za ka roƙi mai busa ya riƙe kowace murya sakan biyar ko shida, a miƙe, ba ado ba rawar murya. Abin da ya rage na saɓani sai a narkar da ƙarshen yankin cikin farkonsa. Manhajar Polyphone, ita ma kyauta, tana nemo mahaɗar ta yi narkarwar da kanta, ta ba ka fayil ɗin SF2, wanda yake tara samfura a jere kan maɓallansu. Duk da haka sa abin ji a kunne ka bar muryar tana zagayawa rabin minti. In ka iya ƙirga zagayen da kunnenka, ba a gama ba.

Ita ma algaitar kada ka shimfiɗa samfur ɗaya. Mafi kyau ka ɗauki kowace muryar da take iya fitarwa. In bai samu ba, ɗauki ɗaya a kowane maɓalli uku, yadda babu samfurin da za a ja fiye da maɓalli ɗaya sama ko ƙasa. Kada ka kai ta inda algaitar gaske ba ta zuwa. Maɓallan da suka wuce iyakarta bar su babu komai. Kula da gidan samfur kuma: Yamaha tana kiran do na tsakiya C3, wasu manhajoji suna kiransa C4, alhali maɓalli ɗaya ne, mai lamba 60 a tsarin MIDI, wanda na'urorin kiɗa suke magana da juna da shi. Wannan saɓanin kaɗai yana sa murya ta fito sama ko ƙasa da maɓalli 12 cif. Bi lambar, kada ka bi sunan.

Akwai wurin da nake da ra'ayi mai ƙarfi. In ka auna muryoyin algaita ko goge da ma'aunin murya, za ka ga ba su faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba, wata ta ɗan haura, wata ta ɗan gaza. Tsakanin maɓalli da maɓalli an raba shi kashi 100, kuma manhaja za ta ba ka dama ka ja kowace murya ta zauna daram. Kada ka yi gaggawar yin hakan. Ba kuskure mai busa ya yi ba, tsarin muryoyinsa ne ba na fiyano ba. In ka daidaita komai, za ka samu abin da ya yi kama da algaita a launi amma ba ya tuna wa kowa hawan salla. Ni abin da nake yi, ina ajiye siga biyu: ɗaya yadda aka busa, don wurin da algaita za ta yi jagora da ganguna kaɗai a bayanta, ɗaya kuma wadda aka ɗan matso da ita, don wurin da za ta haɗu da sauran muryoyin fiyano.

Saka su a fiyanon ta manhajar kwamfuta mai suna Yamaha Expansion Manager ake yi. A fiyanon shiga Menu, sannan Expansion, ka fitar da fayil ɗin bayanin na'urar zuwa filashi, mai ƙarewa da .n27, ka shigar da shi a manhajar don ta san irin fiyanonka da girman wurinsa. Kalangu ka gina shi a matsayin Drum Voice, kowane bugu a maɓallinsa. Algaita a matsayin Normal Voice, ko ka shigo da SF2 ɗin da ka haɗa. Bugun sake da bugun dannewa ka sa su a Alternate Group ɗaya, yadda ɗaya zai katse ɗaya, domin fata guda ba ta yin amo biyu a lokaci ɗaya. Daga nan manhajar ta haɗa maka fayil ɗin girkawa, ka kai shi fiyano da filashi. Ka sani girkawa tana share duk ƙarin sautin da yake ciki ta zuba sabo, don haka duk wani tsohon ƙunshin muryoyi da kake so sai ka haɗa shi a wannan girkin. Kada ka canza lambar LSB, wato lambar da fiyano yake nemo muryoyi da ita, ta ƙunshin da ka riga ka yi kiɗa da shi, in ba haka ba tsofaffin ayyukanka za su nemi muryoyinsu su rasa. Kuma kada ka fara girkawa sai fiyanon yana kan inbata ko wutar da ka tabbata ba za ta ɗauke ba.

Wani abin kuma ba ya rarrabuwa bugu-bugu. Taken sarauta ko na wata sana'a jimla ce, daɗinta yana cikin yadda bugun yake bin juna. Irin wannan ɗauke shi ɗungurungum, ka adana shi a WAV mai layi biyu, 44.1 kHz, bit 16, ka ɗora shi a Audio Link Multi Pad, maɓallan fiyanon da suke kunna fayil ɗin sauti in an danna. Illarsa ita ce ba ya bin saurin kiɗan fiyano, don haka ka yanke saurin waƙar tun kafin ɗauka, ka sa wa makaɗin ƙwanƙwasar awo a kunne. A sauri 120, wato bugu 120 a minti, awo mai bugu huɗu sakan biyu ne cif, ma'auni 88,200; in yankanka ya kauce wa wannan, kowane zagaye zai ƙara zamewa. Masu fiyanon Korg Pa suna da Time Slice, wanda yake daddatsa jimlar don ta bi sauri, amma a kan kalangu yakan datse jan murya a tsakiya, sai an bi shi da hannu an gyara wuraren yankan.

Kafin ka kunna makirufo, ka yi magana da makaɗin a fili. Gaya masa cewa ba waƙa ɗaya za ka yi da hannunsa ba, za ka ajiye shi ne ka yi ta amfani da shi, watakila a wuraren da a da shi za a kira. Kuɗin zama ɗaya ba shi ne kuɗin wannan ba. Ku yi ciniki a kan haka, ku rubuta ko da a takarda ɗaya ce, da shaidu, a faɗi ko kana da izinin sayar wa wasu situdiyoyi ƙunshin ko babu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan ɗaukar wasansa, kuma yanko bugu daga faifan wani ba da izini ba shi ma shiga haƙƙi ne. In ka gama haɗawa, kira shi ya zo situdiyo ka buga masa. A cikin minti ɗaya zai nuna maka bugun da ka ɗora a inda ba ya zama, da wanda ka manta ba ka ɗauka ba, sai ku sa ranar cike giɓin tun yanayi bai juya ba.